Alhaji Raufu Mai Hoto da Rigimar Jakar Goyo

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, bayan an sauko daga sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Raufu Ladeko, mai hoton unguwar Zebu a nan Porto-Novo. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ina zaune a rumfata, allura a baki, takalmin wani a hannu, labarin ya iske ni. Har yau mai takalmin yana yawo da ƙafa ɗaya gyararriya.

Ni ne Mashudi mai gyaran takalmi da jaka, maƙwabcin shagon marigayi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, malamin ne ma ya riga ni gajiya. Don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Kai da ka saba gyara mini, Egbon, ka tafi. Egbon nake ce maka, wato yaya, don ka girme ni, kai kuma Farfesa kake ce mini don ka san ban yi nisa ba.

Wa zai manta da baƙar kwat ɗin nan da ke rataye a ƙusar shagonka? Rabin mazan Zebu da ita suka yi hoton katin shaida. Ni ma da ita na yi hoton neman aure. Hannunta ya wuce yatsuna, ka ce in harɗe hannu a ƙirji kamar mai zurfin tunani. Surukina ya ga hoton ya ɗauka akawun banki ne. Ranar da ya gan ni ido da ido sai ya ce a kawo masa na cikin hoton.

Idan talaka ya rasu bai bar hoto ba, kai ake zuwa wa. Sai ka zauna kana ɗaga tsofaffin fim ɗinka zuwa haske ɗaya bayan ɗaya, har ka tsinto fuskar mamacin a bayan taron bikin wani, ka faɗaɗa ta, ka kai wa 'ya'yansa da kanka. Na ga wata dattijuwa ta rungume hoton mijinta yana tauna akasa, tuwon masarar nan tamu, baki cike, tana cewa haka ta san shi.

Jakarka ta fata, mai rataye a kafaɗa, ta fi wasu 'ya'yan unguwa shekaru. Ni nake ɗinke mata maɗauri duk sa'ad da ya tsinke. Ta saukar maka da kafaɗar hagu ƙasa, har idan liman ya ce a daidaita kafaɗu, sai mu 'yan sahun mu karkace mu bi taka. Amma ba ka taɓa yarda a canja ta ba. A wurinka mai hoto hannunsa a bakin jaka yake kwana, domin dariyar amarya ba ta jiran kowa. Shi ya sa kake gwada masu koyo a hannunka da kalma ɗaya. Ana cikin hira ko cin abinci sai ka ɗaga hannu ka ce, “Yanzu.” Wanda bai ɗauki hoton ba kafin hannun ya sauka, da sauransa.

'Yata ta fari, Falilatu, ta dawo daga Kwatano da ɗanta a hannu, ta ce hoto take so ta koya. Masu shago biyu suka yi mata dariya. Kai ka dube ta ka ce ai ido ake nema, ba gemu ba, ta zo ran Litinin. Ka koya mata haske da inuwa, da yadda ake lallashin yaro mai kuka da tsohon da ya ƙi murmushi. A bayan idonta ka sha gaya mini ba ka taɓa samun mai hannu irin nata ba.

Babur ne ya jawo rigimar. Ita ke gudu da shi daga wurin biki zuwa wurin wankin hoto ta dawo kafin baƙi su watse. Wata rana jakar rataye ta zamo mata gaba a shataletale, ta ja ta, ta faɗi, gwiwa ta daɗe ba ta lanƙwasu ba. Da ta warke sai ta shiga gwanjon kasuwar unguwar Wando ta sayo jakar goyo.

Ka dube ta daga sama har ƙasa ka ce, “Jaririn wa aka ba ki raino?”

Ta ce, “Kyamara ce, Patron,” wato maigida.

Ka ce, “To in ta yi kuka ki sauke ta ki ba ta nono, mu da ango sai mu jira.”

Gaskiyarka ce ta wani gefen. Kafin ta sauke, ta zuge, ta zaro, hannunka ya daɗe da sauka. A wani bikin ma ta juya cikin cunkoso, jakar ta tuge gwaggwaron uwar amarya. Ranar ka rantse ba za ka yaye mai goya kyamara ba. Ita ma tata gaskiyar ba ƙarama ba ce. Ta ce mini, “Baba, dubi kafaɗarsa. Ni da yaro zan ɗauka, ba zan karkace ina da sauran ƙuruciya ba.”

Nan abin ya tsaya mana a wuya. Wanda ubangidansa bai yaye shi ba, ƙungiyar masu hoto ba ta ba shi kati, ba ya buɗe shago, a wurin biki ma korarsa ake yi. Idan kuma ubangidan ya rasu bai sallame shi ba, sai ya koma ƙarƙashin wani ya faro daga shara da ɗebo ruwa. Na je roƙonka da akasa da soyayyen kifi. Ka cinye tas, ka suɗe yatsu, ka ce, “Farfesa, kifin ya yi. Amsar dai a'a ce.”

Da ciwo ya kwantar da kai kafin azumi, muka ga kana ramewa, tsoro biyu ya kama ni, na rasa ka da na ka tafi ba ka yaye Falila ba, kuma ina kunyar na biyun. Na ce wa Falila ta ari jakar rataye ta yini ɗaya kawai, ta ci gwajin, in ya so ta koma wa goyonta. Ta ce ba za ta yaudari mutumin da ke kwance ba. Washegari sai ga ta da jakar goyon da alli a hannu, ta zana baki a gefenta, ta ce, “Baba, yanka nan ka sa zik.” Na farko da na sa, a juye na sa shi, saura kaɗan kyamarar ta sumbaci ƙasa. Na biyu ya zauna.

Juma'arka ta ƙarshe muka je gaishe ka da hantsi. Matarka Iya Sidikatu tana yi maka fifita, Mosiyo Hunkpe shugaban ƙungiya yana gefen gado. Falila ta gaishe ka ta koma bakin ƙofa ta tsaya, jaka a baya. Ni kuma na sunkuyo kanka ina ba ka labarin akuyar da ta shiga masallaci. Ban kai ƙarshe ba ka ɗaga hannun nan da ya koma kamar kara, ka ce, “Yanzu.”

Ta saki maɗauri ɗaya, jakar ta zagayo ƙarƙashin hammata, muka ji ƙyas. Hannunka yana sama.

Ka karɓi kyamarar ka daɗe kana duba hoton. Ka ce, “Kin yanke kan babanki.”

Ta ce, “Yi haƙuri, Patron.”

Ka ce, “Ba a yi asara ba, da ma babu komai a ciki.” Ka miƙa mata abinta, ka juya wurin matarka ka ce, “Sidi, ba abokiyar aikina kujera.”

Mai koyo ba ya zama a gaban ubangidansa, kuma kowa ya san a shagonka ko bokiti ba a kifawa a zauna. Mosiyo Hunkpe ya cire hularsa. Falila ta kasa motsi, sai da Iya Sidikatu ta danna kafaɗunta ta zauna a ɗan bakin kujerar, hawaye na zuba kan zik ɗin da na sha wuyarsa. Za mu fita ka kira ni ka ce, “Farfesa, jakar nan fa har yanzu mummuna ce.” Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A wurin addu'ar uku Mosiyo Hunkpe ya miƙe ya shaida wa jama'a abin da ya gani da idonsa. Ya ce ƙungiya ta karɓa, za a yi bikin yaye bayan arba'in, kuma Iya Sidikatu ce za ta ɗora wa Falila bulalar ƙarshe a tafin hannu, kamar yadda al'adar yaye take, a madadinka. Na roƙe ta ta sassauta. Ta ce yadda ka saba yi za ta yi.

Allah Ya jiƙan ka, Egbon. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa wahalar jinya ta zama kankarar zunubi. Yadda ka rufa wa talakawa asiri, Allah Ya rufa naka ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Sidikatu, da 'ya'yanka Wasiyu da Mulikatu, da Kudusu da ke Gabon wanda bai samu jana'iza ba, da dukan masu hoton garin nan. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa.

Ka sallami tawa 'yar da sauran numfashinka, Alhaji Raufu. Mu dai har yanzu mun kasa sallamar ka.