Tsohon Hoton Ƙirjin Mai Fenti

Shekara ashirin da shida ke nan Mai Fenti yana rubuta alluna a shago mai ƙofa ɗaya, babu taga. Tsofaffin hotunan asibiti yake tarawa, baƙaƙen nan masu kauri, ya yanke haruffa a jikinsu da reza, ya ɗora a kan allo ya fesa fenti. Ya ce ba sa yagewa kamar kwali.

Watan jiya tari ya kai shi asibiti. Na'ura ta nuna ƙullutu a huhunsa na dama, kamar ƙwayar wake.

Likitar ta ce, "Baba, hoto ɗaya ba zai gaya mana ko ciwon daji ne ko tsohon tabo ba. An taɓa yi maka hoton ƙirji?"

"Shekara biyar da suka wuce, da na faɗo daga tsani."

"Kawo shi. In abin yana nan tun lokacin, bai ƙaru ba, je ka yi barcinka. In babu hoton, sai mu jira wata uku mu sake."

A gida matarsa ta ce, "Ƙarƙashin katifa na ajiye shi, Malam, kai ka zo ka zare. Ka ce ƙirjinka bai fi na kowa ba."

Kwana biyu suna zazzage akwatin shago, suna ɗaga kowane hoto a hasken ƙofa. Ita ta gane shi, da karayar ƙashin kafaɗa. Lambar wayar wani mai gyaran famfo ce yanke a tsakiyarsa, fenti ja ya bushe a gefe.

Likitar ta goge shi, ta manna a allon haske, ta daɗe tana dubawa. Sai ta sa yatsa cikin ramin lamba ta huɗu.

"Nan ne wurin," in ji ta.

Guntun da ya yanke ya bi shara tun shekarun baya. Asibitin farko ma bai ajiye kwafi ba.

Yau saura kwana sittin da ɗaya a sake yi masa hoton. Yana buɗe shago kullum, yana aiki da tsumma ɗaure a hanci. Kowane hoto ya ɗauko, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga shi sama kafin ya sa reza, duk da bai san abin da ake dubawa ba. Na ƙirji yakan mayar da su akwati.