Telan da Ya Bi Matarsa Wankan Gida

Hudu yana ɗan shekara shida uwarsa ta bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Ta zaunar da shi a zauren kawunsa a Makera, ta ce yanzu za ta dawo. Ba a sake jin ɗuriyarta ba. Tun daga nan, in Hudu ya so mutum, ba ya yarda ya ɓace masa da gani.

Ya girma ya zama tela a kasuwar Dutsin-Ma. Shekarar da aka samu 'yancin kai ya auri Rekiya, 'yar Malam Tukur na Kurfi, mace mai fara'a da tsokana. Kafin azahar sai ya bar keken ɗinki sau uku ya leƙo gida.

"Almakashi na manta," in ji shi.

"Wanda ke aljihunka, Malam?" Sai ta fashe da dariya, shi ma ya taya ta.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka mai da ita gidan iyayenta, can za ta haihu ta yi wankan jego. Hudu ya kwana biyu tuwo bai wuce masa ba. Ran na uku ya ɗora keke kan jaki, sai Kurfi, ya kafa shi gindin bishiyar bedi daura da ƙofar surukinsa. Gari ya ɗauka: ga siriki marar kunya.

Malam Tukur ya fito, Hudu ya durƙusa.

"Lafiya, Hudu?"

"Baba, na ji an ce nan babu tela."

"Tela huɗu gare mu."

Hudu ya sunkuyar da kai. "Baba, gani nake in ban bi ta ba, shi ke nan."

Dattijon ya san labarin uwar Hudu. Sai ya ce, "Shigo da keken zaure, kada rana ta lalata shi."

A zauren nan Hudu ya ji guɗar haihuwar 'yarsa Turai. Don murna ya ɗinka wa jaririyar riguna har da waɗanda sai ta yi wayo za ta sa.

Rekiya ta gane maganinsa. Duk inda za ta, sai ta faɗa masa ranar dawowa, kuma ba ta taɓa saɓawa ba. A hankali hankalinsa ya kwanta. Har tana ba mata labari da alfahari cewa ta je biki Rawayau kwana huɗu, Malam bai biyo ta ba sai ran na uku.