Shekarar da Malam Ya Daina Zama

Har yau in na shiga kasuwar Adjamé na bi ta layin masu saiwoyi, da warin bagaruwa ya bugi hancina sai ƙafata ta tsaya da kanta. Masu sayarwa su ɗauka ciniki ne ya zo, su fara yi mini tayi. Ba ciniki ba ne. Kakana nake tunawa, da wata baƙar tukunya da kakata ke ɗorawa kan gawayi kowace safiya a gidanmu na Treichville, lokacin ina 'yar shekara goma.

Gidan haya ne irin na Abidjan, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi biyu, mu da Julawa da wasu 'yan Nijar. Kakana, wanda kowa ke kira Malam, shi ne limamin ƙaramin masallacin da ke manne da katangarmu, can bayan tashar Bassam. Tun kafin a haifi mahaifiyata yake jan salla a wurin. Ni kuwa yana kirana uwargida, irin wasan kaka da jika, ni kuma in murguɗa baki in ce ba na son tsoho mai furfura. Kakata, da muke kira Iya, takan ce in ba na so in bar mata kayanta.

Abin da aka san Malam da shi shi ne zama. Bayan la'asar sai ya naɗe ƙafa a kan buzu, 'yan kasuwa masu shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa su kewaye shi da littattafansu, ya yi ta karantarwa har rana ta yi ja a kan lagun, ruwan da ya ratsa garin, bai ko gyara zama ba. Sai wata damina, lokacin da ruwa ke kwana uku bai ɗauke ba, kwatoci suna ambaliya, Malam ya miƙe tsaye. Ya jingina da ginshiƙin masallaci, littafi a hannu, ya ba da karatu a haka. Washegari ma haka. Wata ya wuce, buzun yana rataye a ƙusa.

Ba zama kaɗai ya bari ba. Mutumin da ba ya wasa da gasasshen nama mai yaji, ya bar shi. Ya bar aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi da barkono, ya bar shayi mai kauri. Abincinsa ya koma gwanda, da miyar kuɓewa, da miyar kuka mai ruwa-ruwa, ga butar ruwan sha kullum a gefensa. Da safe in ya shiga bayi sai maƙwabta su jeru da butocinsu suna jira, in ya fito za ka ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓunansa na motsi da salati. Nan take Iya za ta juye ruwan bagaruwar nan mai ɗumi a baho, ta kai masa ɗaki da ɗan gwangwanin man kaɗanya, ta ja ƙofa.

Na tambaye ta ruwan mene ne. Ta ce, "Ruwan manya ne. Je ki wanke kwanonin."

To ni Allah ya yi ni da baki, kuma ba na son tambaya ta kwana ba amsa. Da ba a ba ni ba, sai na ƙera tawa. A bakin famfo na tara 'yan matan gidan, da Faransanci da guntun Hausata, na ce musu Malam ya yi wa Allah alkawari ba zai ƙara zama ba, ya bar daɗin duniya, kuma ruwan nan da ake kai masa, a cikinsa yake ganin abin da ke ɓoye. Wallahi ina faɗa ina yarda da abin da nake faɗa. Idan mutum ya ga yadda fuskarsa ta rame ta yi haske, da yadda yake runtse ido a zaman tahiya kamar wanda ya bar duniyar, ba zai ga laifina sosai ba.

Magana zarar bunu. Daga famfo ta shiga ɗakuna, daga ɗakuna ta tafi kasuwa, ta hau jirgin lagun ta ƙetare, ta dawo ta yi ƙiba har ni mai ita ban gane ta ba. Aka fara cewa akwai wani waliyyi a Treichville da ya shekara bakwai bai zauna ba. Mata suka riƙa zuwa daga Adjamé da kwalaben ruwa a yi musu tofi. Maza na sumbatar hannunsa. Shi kuwa yana mamakin wannan sabuwar ƙauna, yana yi musu addu'a yadda ya saba yi wa kowa. Ni ina gefe ina hura hanci, ni ce jikar waliyyi.

Cikakkiyar gaskiyar maganar sai daga baya Iya ta warware mini ita, bayan na yi aure. Basir ne mai tsaga. Wata 'yar tsaga ce a bakin dubura, ba ta kai tsawon farce ba, amma duk shiga bayi kamar ana jan fasasshiyar kwalba a wurin, sannan raɗaɗin ya zauna har azahar. Ta ce zama cikin ruwan ɗumi da man kaɗanya da abinci mai laushi suna taimakawa ƙwarai, har wurin ya yi kamar ya haɗe, a yi wata biyu lafiya. Rana ɗaya ciki ya ɗaure, sai ta sake buɗewa. Sun kusa shekara biyu a haka kafin ma ya daina zama, ba wanda ya sani sai ita.

Kawuna ya taɓa matsa masa har suka je wurin likita. Likitan ya duba, ya ce abin da Iya ke yi daidai ne, kada a bari, amma tsagar ta tsufa, bakinta ya yi tauri, da wuya ta warke da kanta. Ya ce akwai ɗan aiki da ake yi, a ɗan yanki naman da ke matse wurin don ya saki, kuma yawancin mutane suna warkewa sarai. Sai dai ya faɗa masa gaskiya, cewa wasu bayan aikin iska takan kuɓuce musu ba da saninsu ba. Malam ya ji, ya yi godiya, ya ɗauki hularsa ya fito.

Wanda ba ya salla ba zai gane abin da ya kore shi ba. Ciwon, duk azabarsa, bai taɓa masa alwala ba. Maganin ne zai iya taɓa ta. Mutumin da alwalarsa ba ta riƙuwa, sallarsa ta kansa ta yi, Allah ya yi masa rangwame. Amma littattafan da Malam ke karantarwa da bakinsa sun ce bai kamata irin wannan ya ja masu lafiya salla ba. Wato in ya kwanta a gadon likita, yana iya tashi ba ciwo kuma ba limanci. Sai ya zaɓi ciwon.

Abin da ya fasa ƙwan wata mata ce. Ta zo da safe da goyon ɗanta marar lafiya, daidai lokacin da Iya ta fito da bahon za ta zubar a kwata. Matar ta durƙusa, ta miƙo kwalba, ta ce, "Hajiya, don Allah kar ki zubar. Ko kaɗan ne a sam mini, in ba yaron nan ya sha. An ce ruwan Malam ne."

Iya ta kifar da bahon a kwata da sauri, ta zaunar da matar, ta yi ta binciken inda maganar ta samo asali, daga wannan bakin zuwa wancan, har igiyar ta ƙare a wuyana.

Malam ya aika a kira ni. Na shiga, na tarar da shi a kishingiɗe ta gefe ɗaya. Ya ce in faɗa masa abin da na faɗa a famfo, kada in rage. Na faɗa. Na zaci bulala. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya ce, ya yi ta har zafin ya katse shi ya cije leɓe. Ya ce, "Uwargida, kin naɗa ni sarautar da ban nema ba." Daga nan dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Yau da yaron mutane ya sha wannan ruwa, ni za a tambaya, ba ke ba. Ni na ɓoye."

Ranar bayan la'asar masallacin ya cika har waje. Na laɓe ta jikin tagar da ke kallon tsakar gidanmu. Malam ya juyo ya fuskanci jama'a, a tsaye, ya yi salati, sannan ya ce:

"Jama'a, ni ba waliyyi ba ne. Basir ke damuna, mai tsaga. Na daina zama ne don zama ya gagare ni. Ruwan da kuka ji labari kuwa, ruwan bagaruwa ne da nake zama a ciki. Kowa ya gaya wa iyalinsa."

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Har ƙarar motocin tasha sai da na ji ta kamar daga wani gari. Dattijo ne fa, Bahaushe, malami, wanda ko sunan matarsa ba ya faɗa don kunya, ya tsaya gaban almajiransa da surukansa ya ambaci abin da ko a ɗaki ba a ambata. Can wani tsoho Bajule daga sahun baya ya ce a hankali, "Yako, Malam," wato sannu irin ta mutanen Abidjan. Sai masallacin ya ɗauka da sannu.

Malam ya ɗaga hannu. Ya ce akwai saura. Ya faɗa musu abin da likita ya ce, bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Na ƙi aikin nan ina gaya wa kaina don salla na ƙi. Na duba zuciyata da kyau, na ga ba don salla ba ne, don wurin tsayuwar nan ne. Ina sujada hankalina na kan ciwo, ina gajarta muku karatu don in tsira. Zan je a yi. Na'ibi zai ja ku. In na dawo alwalata na riƙuwa, zan karɓi wurina. In ba ta riƙuwa, ba zan karɓa ba."

Aka yi aikin. Kwana ɗaya ya yi a asibiti. Iya ta ci gaba da ruwan ɗuminta da gwandarta, don likita ya ce kada a fasa. Kafin wata ya cika, na fito da safe na ga Malam zaune a ƙofar ɗaki, zaune sosai, ƙafa a naɗe, yana shan koko yana tsokanar Iya wai ta tsufa. Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin mutum a zaune ba. Kuma a 'yan kwanakin nan maza suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, manyan alhazai masu shaguna, su sunkuyar da kai su ce, "Malam, ni ma fa..." Shi kuma ya gaya musu abin da za su ci da abin da za su bari, wanda nasa ya daɗe ya ce masa ya je a duba shi.

Kwana arba'in ya ɗauka yana sallarsa a gida, yana lura da kansa. Bai gaya wa kowa abin da ya gani ba sai Iya. Ranar da aka ce zai dawo, magariba ce, har da mutanen Adjamé suka ƙetaro. Ya saka farar rigarsa ta Juma'a. Ladan ya tayar da iƙama. Na'ibin, wanda almajirinsa ne tun yana saurayi, ya ja da baya da murna ya bar masa wuri. Malam ya ratsa sahu har gaba. Ya tsaya kaɗan yana kallon wurin da ƙafafunsa suka sauya wa tabarma launi. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a bayan na'ibin, ya tura shi gaba, shi kuma ya koma ya daidaita kafaɗa da mutanen sahun farko.

Na'ibin ya yi kabbara da ƙyar. Ya karanta Fatiha, ya kama sura, a tsakiya kuka ya shaƙe shi, ayar ta ɓace masa. Sai muryar Malam ta fito daga baya, a natse, ta ɗora masa ayar. Ya kama, ya ƙarasa.

Iya ta ce iskar takan kuɓuce masa bayan aikin, amma abin ɗan kaɗan ne, ba kullum ba, kuma ba mai ji, ba mai sani. Da ya yi shiru ya koma wurinsa, babu mahalukin da zai gane har ya mutu. Manyan unguwa sun zo sun roƙe shi, wasu malamai sun kawo masa sauƙin da ke cikin littafi. Ya ce ya san sauƙin, shi ya karantar da su shi, amma sallar mutane amana ce, ba zai ɗauke ta da shakka ba. Na girma, na ga abin da riƙon kujerar mulki ya jawo wa garin nan, na ga gawa a titi saboda shi. Duk lokacin sai in tuna tafin hannun nan a bayan na'ibi.

Yanzu an rushe masallacin an yi mai bene, da tayil da fankoki. Masu maganin basir suna yawo da lasifika a tasha suna faɗin abin da kunne ba ya so, ba mai ko juyowa. 'Ya'yana Hausarsu ba ta kai tawa ba, tawa ma ba ta kai ta Iya ba, don haka rabin labarin nan da Faransanci nake ba su. Suna zuwa wurin baho da kwalba su fashe da dariya, ni ma in taya su. Amma in na kai ƙarshe ba mai dariya. Malam ya yi shekara goma sha ɗaya a sahun farko, bayan almajirinsa, bai fasa jam'i ko ɗaya ba sai da ciwon ajali. Bai sake shiga gaban sahu ba sai ranar da aka ajiye shi a can cikin makara, na'ibin nan, da furfurarsa, ya tsaya a kansa ya yi kabbara huɗu.