Jiragen Kafinta Ba Su da Murfi

Shagona na gyaran rediyo yana manne da na Kafinta, allon katako ne kawai a tsakaninmu. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma Ɗan Waya yake kirana. Gado da kujera ne sana'arsa, amma ransa yana kan ƙananan jiragen ruwa da yake sassaƙawa da ragowar katako, masu tsawon kamu ɗaya. Ni ke saka musu inji da rasiba, ɗan akwatin da ke karɓar umarni daga rimot. Ranar hutu mu kai su tafkin bayan masana'anta.

Yana da wani taurin kai a aikinsa. Da na gama haɗa wayoyi sai ya rufe saman jirgin ruf da gam, ya goge, ya yi fenti. Ramin cajin batir kaɗai yake bari.

"Yaya, ka bar murfi mana. In abu ya lalace fa?"

"Murfi ƙofar ruwa ne. Kai ka yi aikin da ba zai lalace ba."

Gaskiya jirginsa bai taɓa yoyo ba.

Sai ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo da jan ƙasa, hannun bai dawo ba. Rimot ɗinsa kuwa mai sanda biyu ne: ta hagu ta ba da wuta, ta dama ta juya jirgi. Sai da hannu biyu. Na buɗe shi na yi ta dabarar mayar da aikin kan sanda ɗaya, ya ƙi.

Matarsa ta tare ni a ƙofar shago. "Ƙanina, mutumin nan wuni yake yana kallon jiragen nan kamar mai jiran gawa. Ka yi wani abu."

Na kai shi wurin mai sayar da kayan. Mai shagon ya fito da wani rimot mai maɓallai kamar tashar jirgin sama, yana ta zuba bayani.

"Ɗana," in ji Kafinta, "hannu ɗaya gare ni, ba gidan rediyo zan buɗe ba."

Muka zaɓi wanda sanda ɗaya ke yin gaba da baya da juyi, mai igiyar ratayawa a wuya. Ya gwada da babban yatsa, na ga bakinsa ya motsa. Amma sabon rimot ba ya jin yaren tsofaffin rasiba, irinsu ma an daina yi. Dole kowane jirgi a saka masa sabo. Dole a yanka.

Da muka koma, ya daɗe a gaban kantar jiragensa kafin ya nuna shuɗin, wanda ya fi so.

"Fara da wannan. In zan tuƙa, shi zan tuƙa."

Na sa zarto. Ya juya fuskarsa bango har na gama. Wurin rufewa yana faɗa mini yadda zan yi, ina yi da hannun mai gyaran rediyo. Ya shafa facin da yatsa.

"Kai da katako sai a hankali, Ɗan Waya."

A bakin tafki na rataya masa rimot, matarsa na riƙe da kujerarsa. Jirgin ya tashi sumul. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya yi dariyar da ban ji ba tun kafin ciwon. Ya tura shi can tsakiya, inda ya saba kaiwa.

A can ne na ga gindin ya fara nauyi.

"Yaya, dawo da shi."

Ya juyo da shi. Injin ya yi tari, ya mutu. Muna kallo ruwa ya hau kan facin, hancin ya ɗaga sama, ya shige. Yatsansa na kan sandar, yana ta turawa gaba.

Na fara tuɓe takalmi, ya ce in bari, wurin da zurfi.

"Gobe sai mu gwada mai jan fentin nan," na ce. "Zan nemo kafinta ya rufe."

"Wane kafinta?"

Ya sunkuyar da kai, matarsa ta zare masa igiyar daga wuya. Ya miƙo mini rimot ɗin.

"Kada ka ƙara yanka ko ɗaya."

Sauran rasiba uku da muka saya na mayar wa mai shagon a kwalinsu.