Gonar Dela a Ɗan Gulbi

Dela ba haifaffiyar Ɗan Gulbi ba ce. Daga Gobir suka taso ita da mijinta Abarci, a shekarun da yaƙi ya hana mutane kwana a gida, suka sari daji a arewa, cikin rairayi. Abin da ta zo da shi bai wuce goran iri ba.

Shukarta a cakuɗe take. Hatsi a gaba, ta biyo da wake tsakanin ramuka, yakuwa a bakin iyaka, guna na jan ciki inda ta ga dama. Kalgo da sabara ba ta tuge su, sai ta rage masu kai. Abarci kan tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Dela, wannan gona ce ko miya?" Ta ce, "Ai ba ka taɓa maido da ƙwarya ba." Shekarar da hatsi ya ƙi, wake ya rufa asiri. Ba su taɓa cika rumbu har baki ba, ba su kuma taɓa share shi ba.

Da Allah Ya ɗauki ran Abarci, gona ta koma hannun ɗansu na fari, Mainassara. Yaro ne mai ƙwazo. Ya lura Buzaye masu ayarin gishiri hatsi kaɗai suke karɓa, sai ya ce duk abin da ba hatsi ba cin wuri yake. Ya tuge kalgon har saiwa.

"Kai wannan," in ji Dela, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "bar mini ko ƙuryar gabas."

"Inna, ki huta. Gwiwarki ma ba ta kai ki can."

Gaskiya ya faɗa, ba ta kai ta. Ta ƙyale shi. Amma ta san irin wake ba ya jiran mutum: in bai shiga ƙasa ba, ƙwari za su rigaye ka.

Damina ta fari ya samu, har ya musanya hatsi da ɗan raƙumi. Ta biyu iska ta taso ba abin da zai tare ta, rairayi ya binne tsiron. Ya sake shuka, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya cinye abin da ya tashi. Kafin sanyi ya wuce an share rumbu.

Da bazara Mainassara ya zo ya durƙusa gabanta. "Inna, irin nan naki."

Ta zazzage goran a faifai. Waken duk huji ne da gari. Suka zauna suna tsince masu rai, idonta ba ya gani sosai, da yatsa take lalubawa. Abin da ya fita bai cika tafin hannu ba.

Shi suka shuka. Gona ba ta iya ci da gidan duka ba a shekarar, Mainassara ya kwashi matarsa da ƴaƴansa suka yi kudu. Dela ta ce ita ta gama tafiya. Ta zauna tana korar awaki daga ƴan kunyoyin waken, tana salla a zaune.