Muryar Malamar Aji Ɗaya

Yara ne suka laƙaba mata Malama Buɗe-Baki, sunan kuwa ya bi ta har gida, don mijinta ma da shi yake kiranta in yana jin tsokana. Tun tana budurwa take riƙe da aji ɗaya, a ɗakin nan na ƙarshen baranda mai tagar da ba ta rufuwa. Aikinta wasula ne: a, e, i, o, u. Malaman da suka fara aiki tare da ita duk sun yi gaba, wasu har sun zama shugabannin makarantu, ita tana nan tana wangale baki a gaban yara masu majina.

Tana da nata salon. Yaro ba ya taɓa fensir sai ya sa bayan hannu a ƙarƙashin haɓarsa, ya ji yadda muƙamuƙi ke sauka in an ce "a", ya koma sama in an ce "i". Sai ta bi su benci-benci, tana faɗa suna maimaitawa, kafin a zo auren baƙi da wasali: ba, be, bi. Yaran suna ganewa, sai dai maƙogwaronta ne ke ji a jikinsa.

Bana muryar ta fara dishewa. Da safe takan fita ras, kafin a tashi kuma ta koma kamar ana kankare tukunya. Likita ya haska fitila ya leƙa maƙogwaron, ya ce ta rage magana, in ba haka ba wata rana za ta neme ta ta rasa.

"Ki gaya wa hedimasta mana," in ji mijinta.

"In gaya masa ya mai da ni ɗakin ajiyar littattafai, in zauna da ɓeraye? Bar ni kawai, Malam."

Tsoronta ke nan, kada a raba ta da ajin. Sai ta shiga ɓoyo. Ruwan ɗumi ba ya rabuwa da jakarta, ta koma buga rula a tebur maimakon tsawa, in kuma ta hango hedimasta a baranda sai ta juya ga allo ta kama rubutun da babu dalili. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa, amma ko a ɗakin malamai ba ta bari an gani ba.

Ranar da asiri ya tonu, tana tsakiyar benci ta tsuke leɓe za ta ce "u", sai iska kawai ta fito. Ta sake, haka nan. Yara suka kwashe da dariya, suna zaton wasa ne. Da ta ɗaga kai, ga hedimasta a taga. Ya yafito ta zuwa ofis.

Tana biye da shi tana shirya kalaman roƙo, amma ko zama ba ta gama yi ba ya riga ta.

"Malama, ai na daɗe da sani. A da har ofishin nan nake jin a-e-i ɗinki, yanzu shiru." Ya cire tabarau ya murza ido. "Na bi malamai ɗaya bayan ɗaya, wallahi babu mai son aji ɗaya, kowa ya ce ba zai iya da su ba. Ki yi haƙuri ki ci gaba da lallaɓawa. Allah ya ba ki lada."

Ga abin da take so an ba ta, ba ta ko roƙa ba. Ta yi godiya da ɗan abin da ya rage na murya, ta fito.

A baranda ta tsaya, ta dafa ginshiƙi. Sai yanzu ta gane cewa a can ƙasan zuciyarta so take a ƙwace ajin da ƙarfi, ta yi fushi, ta yi kuka, sannan ta huta ba tare da ita ce ta nema ba. Ashe ba mai ƙwacewa. Ta share ido da gefen mayafi ta kama hanyar aji, don tun daga nan tana jin an fara dambe a bencin baya.