Takardar da Yohanna Ya Ƙi Ƙonawa

Shekara tara ke nan cif da muka raka abokina Yohanna makwancinsa a Fadan Kagoma. Har yau in na tuna da shi, dariya ce take fara zuwa mini kafin kewa.

Ni ɗan kasuwar citta ne a Kafanchan. Allo na yi tun ina ƙarami, ban zauna ajin boko ba, saboda haka duk rubutuna da ajami ne. Shi kuwa Yohanna ma'aikacin ɗakin gwaji ne a asibiti, dattijon coci, mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana leƙen kakin mutane a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Da ba don ciwo ba, da wuya hanya ta haɗa mu.

Na yi tarin fuka, na sha magani wata shida ba fashi, aka ce na warke. Bayan kamar shekara guda tari ya dawo, har da jini-jini. Na rame, in na ja salla a masallacin unguwa sai numfashi ya yanke mini a tsakiyar aya. A gida aka sake ware mini kwano da kofi. Na koma asibiti, aka ba ni 'yar roba in kawo kakin safe. Don kada a haɗa tawa da ta wani, na yanki takarda na yi rubutu na manna a jikinta.

Gwaji ya nuna babu tibi, wato tarin fukan bai dawo ba. Aka ba ni maganin tari na gama-gari, aka ce in tafi gida. Ina jin a jikina cewa ƙarewa nake yi, amma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Kwana uku bayan haka ina cikin sito ina kakkaɓe buhunan citta, sai ga wani mutum da farar riga ya yi sallama, riƙe da ambulan da hannu biyu kamar mai kawo saƙon sarki. Yohanna ke nan, ranar na fara ganinsa. Ashe ƙa'idarsu ce, in an gama gwaji a ƙona robobin. Da ya zo kan tawa ya ga baƙaƙen Larabci, sai hannunsa ya tsaya. Ya ɓare takardar, ya kashe ƙwayoyin da ke jikinta, ya yi ta cigiya har aka nuna masa wurina.

"Malam," in ji shi da Hausarsa ta mutanen Kagoma, "wannan takarda, shi ne naka? Ni ba zan sa sunan Allah a wuta ba. Ka karɓi ayanka."

Na karɓa na karanta masa da ƙarfi: "Kakin Sani mai citta, na safe, kafin karin kumallo."

Ya tsaya yana kallona. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Dattijo."

"Kai! Kwana uku ina ajiye shi saman kabad tare da Littafi Mai Tsarki!"

Muka yi ta dariya, dariyar ta tayar mini da tari, na durƙusa ina neman iska. A nan fuskarsa ta canza. Ya saurari tarin har ƙarshe. Ya ɗauki ƙwarar citta daga wani buhu da damina ta taɓa, ya murza fumfunar da ke kanta, ya shinshina. Sannan ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: tarin fuka in ya tafi yakan bar rami a huhu, kuma ramin ba ya rasa mai shiga. Wani lokaci wasu ƙwayoyin cuta ne dabam, wani lokaci fumfuna ce irin wannan.

"Mai gida ya tashi, 'yan haya sun shiga," in ji shi. "Gobe ka kawo mini sabo. Kuma don Allah kada ka rubuta komai."

Ya shuka kakin a wani ɗan faranti, ya rufe, ya jira kwanaki kamar manomi. Fumfuna ta tsiro. Bai yarda da sau ɗaya ba, sai da ya maimaita har uku, sannan ya kai wa likita. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga abin a zaune cikin ramin. Aka canza mini magani, aka hana ni shiga sito ba tare da rufe hanci ba. Na daɗe ina sha, amma da ikon Allah numfashi ya dawo, kwanona ya koma cikin na iyali.

Daga nan muka zama 'yan'uwa. Da Kirsimeti shinkafarsa tana zuwa gidana, da Babbar Salla cinyar rago tana zuwa nasa. Ya matsa mini sai da na koya masa baƙaƙe, wai kada wani mai citta ya sake sa shi yawon banza.

Yanzu akwai na'urar da ke gano tibi cikin 'yan sa'o'i. Na san da Yohanna yana raye da ya tafa mata, domin idonsa ya sha wahala. Amma na san kuma abin da zai tambaya: in ta ce babu tibi, mutum kuwa yana ta tari, wa zai bi shi ya ji dalili?

Bai bar gidan bene ba, bai bar suna a bango ba. Abin da ya bari yana yawo a ƙirjin mutane irina. Watan jiya maƙwabcina, wanda ya gama shan maganin tibi amma tarin bai sake shi ba, ya fara zancen sammu. Na sa shi gaba har ɗakin gwaji, na ce wa yarinyar da ke karɓar robobi a taimaka a duba har da fumfuna. Ta ɗago kai ta dube ni da rawanina.

"Baba, likita ne kai?"

Na ce, "A'a, 'yata, mai citta ne. Aboki na yi."